Yadda Ake Cire Manhaja Daga Kwamfuta Ba Tare Da An Bar Baya Da Ƙura Ba

A hutun da ya wuce 'yar wana da ke karatu a jami'a ta kawo mini kwamfutarta ta tafi-da-gidanka tana kukan cewa ta yi nauyi, har takan kunna ta, ta tashi ta yi alwala ta dawo, ba ta gama buɗewa ba. Ta ce mini, "Baffa, wallahi na goge duk manhajojin da ba na amfani da su, amma babu abin da ya canza." Da na duba sai na tarar abin da ta goge tambura ne kawai, wato ƙananan hotunan nan da ke jere a fuskar allo, tana jan su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a kwandon shara. Fuskar allon ta yi fes, amma manhajojin suna nan daram a cikin ma'ajiya, wasu ma suna tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfutar. Wannan kuskure ya yawaita ƙwarai, musamman ga waɗanda suka fara sanin waya kafin kwamfuta, domin a waya da zarar ka danne tambari ka zaɓi cirewa, magana ta ƙare. A kwamfuta mai Windows tambarin da ke fuskar allo tamkar allon suna ne da aka kafa a bakin hanya yana nuna gida; tuge allon ba ya rushe gidan.

Akwai kuma waɗanda suka ɗan fi sani, sai su shiga ma'ajiyar C, su buɗe foldar Program Files, su nemo foldar manhajar su goge ta gaba ɗaya. Wannan ya fi na farko illa. Dalili kuwa shi ne, lokacin da ake girka manhaja ba wuri ɗaya take sauke kayanta ba: manyan fayilolinta suna zama a Program Files ko Program Files (x86), saitunanta da bayanan mai amfani suna tafiya wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData, wasu kuma ProgramData, sannan ta rubuta sunanta a kundin rajistar Windows, wanda da shi ne kwamfuta ke sanin wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil. Wasu manhajojin har suna dasa ƙananan ayyuka masu gudana a bayan fage. Idan ka goge foldar kaɗai, ka goge har da ɗan fayil ɗin da kamfanin ya tanada domin ya bi duk waɗannan wurare ya kwashe kayan, sai ka wayi gari Windows na ganin manhajar tana nan alhali ba ta nan, ba ta buɗuwa, ba ta ciruwa, wani lokaci ma ta hana a sake girka ta. Saboda haka ƙa'idar ita ce a fitar da manhaja ta ƙofar da ta shigo.

Kafin ka taɓa komai, akwai abubuwan da ya kamata ka tabbatar. Cire manhaja ba ya goge takardun da ka rubuta da ita ka ajiye a Documents. Idan ka cire Microsoft Word, rubuce-rubucenka suna nan, sai dai za ka buƙaci wata manhajar da ta iya buɗe su. Amma akwai manhajojin da ke riƙe bayanai a cikin cikinsu, kamar manhajojin lissafin shago da na makaranta, da wasannin da ke ajiye matakin da ka kai, da burauza, wato manhajar shiga shafukan intanet, mai ɗauke da kalmomin sirri da shafukan da ka adana. Chrome, alal misali, idan za ka cire shi yakan nuna wani ɗan akwati yana tambaya ko a goge bayanan bincikenka su ma. In ka yi masa alama ba tare da ka haɗa burauzar da asusunka na Google ba, kalmomin sirrin sun tafi ke nan. Irin waɗannan manhajoji sai ka fara fitar da bayanansu ka kwafa a filash ko wata ma'ajiya ta waje. Idan kuma manhajar ta kuɗi ce, ka nemo lambar lasisinta ka rubuta a takarda, ka fita daga asusunka a cikinta kafin cirewa, domin wasu kamfanoni suna ƙayyade yawan kwamfutocin da lasisi ɗaya zai yi aiki a kansu. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su ankara da shi ba sai sun ga saƙon banki: cire manhaja daga kwamfuta ba ya dakatar da biyan kuɗin wata-wata. Wanda ya yi rajistar Adobe ko Microsoft 365 da katinsa, dole ya shiga asusunsa a intanet ya soke rajistar da kansa, in ba haka ba za a ci gaba da cirar kuɗin ko da manhajar ta shekara da barin kwamfutarsa.

Ina kuma ba da shawarar a jona kwamfutar da wuta ko a tabbatar batirin na da caji sosai, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar cire babbar manhaja, takan tsaya rabi a ciki rabi a waje, gyaran hakan kuwa ya fi cirewar wahala. Haka nan yana da kyau ka rubuta Create a restore point a wurin bincike na Windows, ka buɗe, ka danna Create, ka ba shi suna. Wannan yana ɗaukar hoton yadda tsarin kwamfutar yake a wannan lokaci, ta yadda idan wani abu ya ɓaci za ka iya mayar da ita yadda take. Aikin minti biyu ne ko uku.

Hanyar cirewa ita kanta ba ta da tsawo. Ka danna maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows tare da harafin I, Settings zai buɗe, sai ka shiga Apps. A Windows 10 za ka ga jeri a ƙarƙashin Apps & features, inda za ka danna sunan manhajar sannan ka danna Uninstall. A sababbin fitowar Windows 11 sunan wurin Installed apps, kuma kowace manhaja tana da ɗigo uku a gefenta na dama, su za ka danna ka zaɓi Uninstall. Windows zai tambaye ka ko ka yarda a yi canji a kwamfutar, ka amsa da Yes. Idan asusun da kake ciki ba na mai cikakken iko ba ne, kamar yadda ake yi a kwamfutocin ofis da na makaranta, zai nemi kalmar sirrin mai kula da na'urorin, kuma a nan ba ka da abin yi sai ka neme shi. Daga nan manhajar cirewa ta kamfanin ce za ta karɓi aikin. Ka karanta abin da take rubutawa a kowane mataki, kada ka yi ta danna Next ido rufe, domin wasu sukan saka tayin gyara manhajar ko girka wata sabuwa a daidai inda hannu ya saba dannawa. Idan ta nemi a sake kunna kwamfuta, ka yi hakan kafin ka ci gaba, saboda akwai fayilolin da ba sa goguwa sai a lokacin tashin kwamfuta.

Wannan jerin yana da wani amfani da ake yawan tsallakewa. A samansa akwai wurin da za ka sa ya jera manhajojin bisa girmansu ko bisa ranar da aka girka su. Jerawa bisa girma ita ke nuna maka wanda ya cinye ma'ajiya, sau da yawa wasa guda ɗaya ko manhajar tace bidiyo ta fi ƙananan manhajoji talatin cin wuri. Jerawa bisa rana kuwa ita ke tona asirin baƙin da suka shigo ba da gayyata ba: idan ka ga manhajoji uku ko huɗu da ba ka sani ba duk sun shigo rana ɗaya da wata manhajar kyauta da ka sauke, to a bayanta suka laɓe suka shigo.

Tsohuwar hanya ta Control Panel tana nan har yanzu, kuma ita ce hanyar masu Windows 7. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta appwiz.cpl, ka danna Enter, jerin Programs and Features zai fito. Sai dai ba ya nuna manhajojin da aka sauke daga Microsoft Store, su sai ta Settings ko ta danna musu maɓallin dama na linzami (mouse) a cikin Start. A wannan tsohon jeri manhaja ɗaya ake cirewa a lokaci guda. In ka yi gaggawar danna ta biyu, zai ce ka jira ta farko ta kammala.

Inda nake so mai karatu ya fi natsuwa shi ne wajen zaɓar abin da zai cire, domin a nan ne ɓarna ta fi faruwa. Duk wanda ya buɗe jerin zai ga wasu sunaye masu kama da juna suna maimaituwa, Microsoft Visual C++ Redistributable, wannan na 2010, wancan na 2013, wani na 2015 zuwa 2022, kowanne kuma sau biyu, ɗaya da x86 ɗaya da x64. Ido yana ganinsu zai ce tarkace ne, tsofaffi ne da sabo ya maye gurbinsu. Ba haka ba ne. Kowace manhaja tana dogara ne da wanda aka gina ta da shi, kuma na 2013 ba ya yin aikin na 2010. Ni kaina na taɓa cire su shekarun baya ina neman wuri a ma'ajiya, washegari na zo buɗe manhajar da nake tsara takardu da ita ana jiran aiki, sai ga saƙo cewa ba a sami wani fayil mai suna VCRUNTIME140.dll ba. Na shafe rabin yini kafin na gano alaƙar abin da na cire da abin da ya lalace, wurin da na samu a ma'ajiyar kuwa bai taka kara ya karya ba. A bar su yadda suke. Haka ma duk abin da ke ɗauke da sunan .NET, da manhajojin da ake kira direbobi, waɗanda su ne ke sa Windows ya iya magana da sassan kwamfutar. Sunaye irin su Realtek, Intel, NVIDIA, AMD da Synaptics yawanci na sauti ne, ko na hoto, ko na Wi-Fi, ko na faifan da ake shafawa da yatsa a madadin linzami. Wanda ya cire direban Wi-Fi ya shiga tsaka mai wuya, domin intanet ɗin da zai sauke wani da shi, shi ne ya yanke.

Idan ka ci karo da sunan da ba ka gane ba, ka duba sunan kamfanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ko a gefensa, sannan ka bincika sunan a intanet kafin ka yanke hukunci. Wanda har yanzu kake shakka a kansa, ka ƙyale shi zuwa wani lokaci. Wannan ya fi shafar masu sayen kwamfuta ta hannu, wadda takan zo da manhajojin tsohon mai ita, a kansu kuma mai shago ya ƙara nasa, wani lokaci har ashirin ko fiye, da niyyar kyautata wa mai saye. A cikinsu za ka tarar da manhajojin kallon bidiyo uku masu aiki iri ɗaya, da burauza huɗu, da waɗanda ke iƙirarin ƙara wa kwamfuta sauri alhali su ne ke jan ƙafarta. Waɗannan su ne suka cancanci fita. Amma kafin ka cire wata babba da kake jin za ka iya buƙata nan gaba, ka tuna da kuɗin datar da za ka kashe wajen sake sauke ta.

Manhajojin riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta suna da nasu hali. An gina su ne ta yadda ba za su ciru da sauƙi ba, don kada ƙwayar cuta ta iya kashe su, shi ya sa sukan bar saiwa a ƙasa ko bayan an bi hanyar da ta dace. A kwamfutar 'yar wana irin waɗannan manhajoji guda biyu na tarar, kowace tana binciken fayil ɗin da ɗayar ta taɓa, kuma wannan ne babban abin da ya sa ta yi nauyi. Manyan kamfanonin sun san da matsalar, don haka kowanne ya tanadi ƙaramar manhajar share sawunsa: McAfee na da MCPR, Avast na da Avast Clear, Kaspersky na da kavremover, Norton kuma na da Norton Remove and Reinstall. Ka fara cirewa ta Settings, ka sake kunna kwamfuta, sannan ka sauke manhajar sharar daga shafin kamfanin kansa, ba daga wani shafin da ya fito a saman bincike ba. Kada ka ji tsoron cewa kwamfutar za ta zauna ba mai gadi, domin a Windows 10 da 11 Microsoft Defender, riga-kafin da ke zuwa tare da Windows, yana komawa bakin aiki da kansa da zarar ya ga babu wata manhajar riga-kafi. Ka buɗe Windows Security ka tabbatar da hakan da idonka.

Wani lokaci kuma manhaja takan turje. Mafi yawan dalili shi ne tana gudana a ɓoye, ko da ka rufe tagarta. Ka duba ƙananan tamburan da ke kusa da agogo ka fita daga cikinta, ko ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, ka nemo sunanta ka danna End task, sannan ka sake gwadawa. Idan sunanta bai fito a jerin Settings ba sam, ka leƙa foldarta a Program Files ka nemi fayil mai suna uninstall.exe ko unins000.exe ka buɗe shi. Idan kuwa an riga an goge foldar da hannu, dabara mafi sauƙi ita ce ka sake girka manhajar a kan tsohuwar, wanda zai dawo da fayil ɗin cirewa, sannan ka fitar da ita ta hanyar da ta dace. Akwai kuma manhajoji irin su Revo Uninstaller da BCUninstaller, waɗanda ke gudanar da cirewar sannan su nuna maka abin da ya rage a ma'ajiya da kundin rajista. Suna da amfani ga manhaja mai taurin kai, amma a karanta abin da suka jero kafin a amince su goge. Mai sabo da rubuta umarni zai iya buɗe Terminal ya rubuta winget list ya ga jerin, sannan winget uninstall tare da sunan manhajar. Wasu manhajojin da suka zo tare da Windows, kamar burauzar Edge, za ka ga maɓallin cire su a dushe ba ya dannuwa; shawarata ita ce a bar su, a cire tambarinsu daga gaban ido kawai, domin tilasta fitar da su yakan jawo matsala lokacin sabunta Windows.

Idan abin da ke damunka tallace-tallace ne masu faɗowa, ko shafin farko na burauza ya canza da kansa, to mai laifin sau da yawa ba ya cikin jerin manhajoji, yana maƙale ne a jikin burauzar. A Chrome ka rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, a Edge kuma edge://extensions, ka cire duk wanda ba kai ka saka ba.

Bayan an gama, akan sami 'yan burbushi. Ka danna Windows da R, ka rubuta %appdata% ka duba, sannan ka sake da %localappdata%. Idan ka ga folda mai ɗauke da ainihin sunan manhajar da ka cire, kuma ba ka da niyyar dawo da ita, kana iya gogewa. Ka kula da foldar da ke ɗauke da sunan kamfani, domin tana iya ƙunsar kayan wata manhajar tasu da kake amfani da ita. Kundin rajista kuwa, ra'ayina a fili yake: wanda bai ƙware ba kada ya shiga. 'Yan layukan da manhaja ta bari a can ba su da nauyin da zai rage wa kwamfuta sauri, amma goge layi ɗaya bisa kuskure na iya hana Windows tashi, kuma kamfanin Microsoft da kansa ba ya goyon bayan manhajojin da ake tallatawa da sunan wanke rajista. Abin da ya fi amfani shi ne ka buɗe Task Manager, ka shiga sashen Startup, ka kashe manhajojin da ba dole ne su tashi tare da kwamfuta ba. Wannan ba cirewa ba ne, suna nan duk lokacin da ka buƙace su, amma sau da yawa shi ke kawo sauƙin da mutum ke nema tun farko.

Masu kwamfutar Mac aikinsu ya fi sauƙi, domin yawancin manhajoji a dunƙule suke wuri guda: a buɗe Finder, a shiga Applications, a ja manhajar zuwa kwandon shara, sannan a zubar da kwandon. Manya irin na Adobe da na riga-kafi ne ke zuwa da manhajar cirewa tasu, kuma da ita ya kamata a yi amfani. A kwamfuta mai tsarin Ubuntu kuwa umarnin sudo apt remove tare da sunan manhaja ke cire ta, sudo apt purge ya haɗa da fayilolin saitinta na tsarin kwamfuta, sudo apt autoremove kuma ya kwashe abubuwan da aka girka dominta waɗanda yanzu babu mai buƙatarsu.

Akwai kwamfutar da tarkacen cikinta ya wuce a tsaya cirewa ɗaya bayan ɗaya, musamman ta hannu da ba ka san abin da tsohon mai ita ya dasa a ciki ba. A irin wannan hali gara ka kwafe fayilolinka zuwa waje, ka shiga Settings, ka nemi Recovery, ka zaɓi Reset this PC. Zaɓin Remove everything yana share komai, shi ya fi dacewa da kwamfutar da ka saya ko wadda za ka sayar. Zaɓin Keep my files yana barin takardunka da hotunanka, ya cire manhajojin da aka girka, sannan ya ajiye maka wani fayil mai suna Removed Apps a fuskar allo, wanda ke ɗauke da sunayen duk abin da ya fita, domin ka bi shi ka dawo da waɗanda kake buƙata kaɗai.